"Kawu, Ai Haɗi Ne Kawai": Masu Gudu da Gauraya Magungunan Ƙarin Kuzari

Na kwana biyu ina son yin wannan rubutu, amma sai da na bari raina ya huce tukuna, domin lokacin da abin ya faru da na ɗauki biro, da zagi kawai zan rubuta.

Akwai ɗan yayata da ya zo wurina nan Legas neman abinci, yana zaune tare da mu a Agege, yana aikin sauke kaya a kasuwar Mile 12. Yaro ne mai son gudu tun yana gida. Da ya ji labarin gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, sai ya ɗaura niyyar shiga na 2024, kilomita 42 da 'yan kai. Na ba shi goyon baya, har takalmi na saya masa a gwanjo. Wata Asabar cikin Janairu ya fita da asuba zai yi kilomita 25 na gwaji, sai ƙarfe takwas aka kira ni a waya wai yana zaune bakin titin Ikorodu yana amai, hannunsa na rawa, zuciyarsa na bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Ko kilomita 12 bai cika ba. Muka kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa leda biyu. Da ya dawo hayyacinsa na tambaye shi me ya sha. Ya ce, "Kawu, ai haɗi ne kawai." Na ce haɗin me? Sai ya shiga lissafi: goro biyu, kofi ƙaramar leda biyu, lemon ƙarin kuzari gwangwani biyu, cokalin bekin soda, ƙwayar maganin ciwon jiki don kada ƙafa ta yi tsami, sannan da wani farin gari da wani ya sayar masa a gidan ɗaga ƙarfe, cikin roba wadda ko rubutu babu a jikinta. Duk wannan a cikin da babu komai sai iska.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin a haka muka tashi. Mu mutane ne masu imani da haɗi. Ka je kyamis ka ce a haɗa maka na zazzaɓi, a ƙirgo maka ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda, kai ba ka san sunan ko guda ba. A Kano 'yan acaɓa da 'yan dako sun daɗe da sanin gadagi. Nan ƙasar Yarbawa kuma ga agbo a kowace tasha, mai sayarwa ta tsiyayo daga kwalba huɗu ta ba ka a kofi guda. Tunaninmu shi ne in ɗaya yana da kyau, to biyar sun ninka shi sau biyar. Wannan lissafin ne nake ganin kuskure ne, kuma a harkar gudu ya fi fitowa fili.

Bari in fara da yi wa magungunan adalci, don kada mai karatu ya ɗauka duk ƙarya ce. A 2018 masanan da Kwamitin Olamfik na Duniya ya tara suka fitar da matsaya kan ire-iren waɗannan sinadarai da 'yan wasa ke sha. Cikin ɗaruruwan da ake talla, guda biyar suka ce akwai hujja mai ƙarfi cewa suna iya ƙara ƙwazo: kafeyin, kiriyatin, naitiret, beta-alanin da kuma bekin soda. To amma kowanne da irin aikinsa, da ƙimarsa, da lokacin shansa, kuma a nan ne masu haɗi ke faɗawa rami.

Ɗauki bekin soda. Aikinsa rage tsamin da ke taruwa a jini lokacin da mutum ya yi gudu mai tsanani na ɗan gajeren lokaci, kamar minti 1 zuwa 10, wato irin gudun mita 800 ko 1,500. Haka shi ma beta-alanin, sai dai shi a cikin tsoka yake aiki, kuma sai an yi makonni ana sha kafin ya taru. Shan sa da safen ranar gudu ba abin da zai ba ka sai ƙaiƙayin fata. Kiriyatin na masu ɗaga ƙarfe ne da masu gudun tsere na 'yan daƙiƙoƙi, yana kuma sa jiki ya riƙe ruwa har nauyi ya ƙaru da kilo ɗaya ko biyu. Yanzu don Allah wanda zai yi awa huɗu yana gudu a zafin Legas, me zai yi da ƙarin kilo biyu? Ashe uku cikin biyar ɗin ma ba don mai dogon zango aka fi sanin su ba. Ƙimar bekin soda da ake gwaji da ita kuwa kimanin giram 0.3 ce ga kowane kilo na nauyin mutum, wato giram 18 ga mai kilo 60, kuma an san shi da kumbura ciki da amai da gudawa. Na ji ma wasu na cewa ai jiƙon kanwa zai yi aikin. Kanwa ta kunu ce da miya, ba wanda ya auna maka abin da ke cikinta.

Saura biyu, kafeyin da naitiret. Shi kafeyin babu gardama a kansa, yana rage jin gajiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta cire shi daga jerin haramtattu tun 2004. Ƙimarsa miligiram 3 zuwa 6 ga kowane kilo, kamar awa guda kafin a tashi. Yaron nan nawa kilo 60 ne, miligiram 180 ya ishe shi. Ƙaramin gwangwanin lemon ƙarin kuzari guda yakan ɗauki kimanin miligiram 80, ya sha biyu, ya ɗora kofi biyu, ya ɗora goro biyu, ga kuma garin da Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Abin da bai gane ba shi ne abubuwa uku ya sha amma sinadari ɗaya ne ya maimaita sau uku. Goro, wanda kakanninmu suka yi ta fataucinsa daga Gwanja da Shagamu, kafeyin ne ke sa shi hana barci. In ka wuce ƙima, ƙwazo ba ya ƙaruwa, sai rawar jiki da bugun zuciya da murɗar ciki.

Labarin naitiret ya fi ba ni sha'awa. A 2007 masu bincike a Suwidin suka gano cewa yana rage yawan iskar da jiki ke buƙata wajen yin aiki iri ɗaya, sannan a 2009 wasu a Jami'ar Exeter ta Ingila suka nuna haka da ruwan bitrut, wannan jan saiwar da ake nomawa a Jos, wadda nake gani a Mile 12 ɗin da yaron ke aiki. Ana samun sinadarin a latas da alayyahu ma. Amma ga inda abin yake: jiki ba ya iya amfani da shi sai ƙwayoyin halittar da ke zaune a bayan harshe sun fara sarrafa shi. Saboda haka wanda ya sha ruwan bitrut sannan ya kuskure baki da ruwan wanke baki mai kashe ƙwayoyin cuta, ya zubar da kuɗinsa. Ka ga haɗi ke nan da ɗaya ya kashe ɗaya. Irin wannan yana da yawa. Shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe na ƙarin jini idan aka sha su tare. A 2014 wani bincike a Norwe ya nuna cewa yawan shan bitamin C da E mai nauyi yana dakushe wasu sauye-sauyen da atisaye ke jawowa a cikin tsoka, alhali don su ake wahalar.

To idan aka haɗa kafeyin da bitrut fa, tunda kowanne hanyarsa daban? A takarda ya kamata su taru. Da aka gwada kan masu tseren keke, yawancin gwaje-gwajen ba su ga wani ƙari a kan abin da kafeyin shi kaɗai ya bayar ba. Jiki ba asusu ba ne da kowace naira ka jefa za ta ƙaru a kan ta jiya.

Na san abin da wani zai ce: ai manyan 'yan gudu na duniya suna haɗawa. Gaskiya ne. Lokacin da Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a Oktoban 2019, da ma'aikata a kan keke suna miƙa masa abin sha da aka auna. Amma shi wanda ke gamawa a awa 2 da minti 10, kashi 2 cikin 100 wajen minti biyu da rabi ne, kuma wannan shi ne bambancin kyautar dala da komawa gida hannu rabbana. Yana da likita, yana da mai kula da abincinsa, ya gwada komai sau goma a atisaye. Mai gamawa a awa huɗu da rabi kuwa, kashi 2 ɗin nan minti biyar ne, alhali wata uku na atisaye mai tsari da isasshen barci za su iya rage masa fiye da haka nesa ba kusa ba. Su kansu 'yan Kenya da ke zuwa su kwashe kyautar Legas, abincinsu na kullum ugali ne, wato ƙanin tuwon masara, da ganye da shayi mai madara da sukari. Namu na gida da suka fi taɓukawa galibi 'yan Filato ne, masu tashi suna hawa da sauka a kan tudu.

Akwai haɗi guda da na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma abin dariya shi ne ya fi kowanne araha. Man da tsoka ke ajiyewa yakan ƙare bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu, shi ya sa ake ganin mutane na zubewa wajen kilomita 30. Dole a riƙa zuba sukari a hanya. Hanji yana iya shigar da gulukos kimanin giram 60 ne kawai a awa, ƙofar ta cika. Amma furuktos, wato sukarin 'ya'yan itace, ƙofarsa daban, don haka idan aka haɗa su biyun ana iya kai wa giram 90 a awa. Asker Jeukendrup da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham ne suka nuna haka wajen 2004, kuma a kan wannan aka gina yawancin 'yan ledojin nan masu tsada da ake shigo da su. To sukarin da muke sa wa koko, rabinsa gulukos ne rabinsa furuktos. Zuma tana da duka biyun. Dabino ma haka, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ledar fiya wata rabin lita ce. Ka zuba mata sukari kimanin giram 30 da ɗan gishiri a yatsa, ka sami abin da ake sayarwa da dubbai. Gishirin ba ado ba ne, domin gumin Legas yana fita da shi. Kuma kada a yi ta ɗirkar ruwa fiye da ƙishi: a gudun Boston na 2002 an auna jinin waɗanda suka gama, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda yawan shan ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a lissafin yaron shi ne ƙwayar ciwon jikin da kuma garin nan. Magunguna irin su ibufurofen da diklofenak suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga zafi, ga rashin ruwa a jiki, ga awoyi ana gudu. Likitar da ta duba shi sai da ta sa aka yi masa gwajin ƙoda kafin ta sallame mu, kuma awoyin da muka yi muna jiran sakamakon nan, ina tunanin me zan faɗa wa uwarsa, ba na fatan maimaita su. Allah ya taimaka babu abin da ya taɓu. Shi kuwa gari marar suna, ko na kamfani mai kwali da hatimi ba a gama yarda da shi ba. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi irin waɗannan kaya guda 634 daga ƙasashe 13 a farkon shekarun 2000, ya tarar kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da sinadaran gina tsoka da aka haramta, waɗanda ba a rubuta a jikin kwalin ba. Dokar wasanni kuma ba ta san "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka naka ne. Ga masu tunanin tiramadol, wanda ya riga ya cinye mana matasa da yawa, WADA ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Ina kira ga yaranmu masu shirin gudun ɗaukar soja ko ɗan sanda, domin na san irin abin da ake ba su a boye da sunan taimako.

Ba na cewa kada a taɓa komai. In mutum lafiyayye ne, ba shi da hawan jini ko ciwon zuciya, yana son gwada kofi ko goro ko ruwan bitrut, ya gwada guda ɗaya, a ranar atisaye, ya rubuta lokacinsa da yadda cikinsa ya yi, sau uku ko huɗu, kafin ya yi tunanin ƙara wani. In ka zuba abu shida lokaci guda ka ji daɗi, ba ka san wanda za ka gode wa ba. In ka faɗi, likita ma bai san wanda zai nema ba.

Yaron ya yi gudunsa a Fabrairu. Da asuba matata ta dafa masa shayi da burodi, ya ɗaura dabino goma sha biyu a ƙugu cikin leda, ya ɓare rabin goro fari ya sa a aljihu. Ya haye gadar Third Mainland lafiya, ya ce daga kilomita 33 ne ƙafa ta fara yi masa gardama har ya ɗan taka, amma ya kai ƙarshe a awa huɗu da minti arba'in, aka rataya masa lambarsa. Garin nan kuwa tun ranar da muka dawo daga asibiti na juye shi a kwata. Robar tana nan, ƙusoshi nake ajiyewa a ciki. Satin da ya wuce ya shigo mini da bitrut guda uku daga kasuwa yana tambaya ko injin markaɗen gidan zai iya da su, na ce ya tambayi mai injin, kuma kada ya firgita gobe in ya ga fitsarinsa ya yi ja.