Kububuwar duwatsun Abzin: mai farin ciki, mai kawo baƙin ciki

Duk manomin garka a Tabelot, Timiya ko Iferwan ya san wata ƙara da ake ji da almuru a gindin dutse, kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Mai hankali in ya ji ta sai ya ja da baya, domin kububuwa ce ke gargaɗi. Ƙaramar macijiya ce, tsawonta bai cika wuce santimita 30 zuwa 70 ba, amma ba banza ba Bahaushe ya yi wa irinta kirari da gobe-da-nisa.

Masana halittu sun sa ta cikin babban gidan da suke kira Viperidae, gidan da ya haɗa ta da kasa da kuma macijiyar rairayi mai ƙaho. Cikin gidan nan akwai ɗakin Echis, sunan da Bajamushe Merrem ya raɗa a 1820. An daɗe ana ɗaukar kububuwar Afirka ta Yamma da ta ƙasar Indiya a matsayin iri guda. Sai a 1970 Stemmler ya ware ta ƙasashen kudu masu damshi da sunan ocellatus, sa'an nan a 1972 Benigno Roman, wanda ya yi aikinsa a Haute-Volta ta wancan zamani, ya ware ta Sahel da bakin hamada da sunan leucogaster. Ma'anar kalmar a Girkanci ita ce “mai farin ciki”, wato mai farin tumbi, ba mai murna ba. Ita ce ke zaune cikin ƙoramu da tsakuwar Abzin.

Alamunta huɗu ne, kuma ba sai an je lakkwal za a riƙe su ba. Ta farko kai: gajere ne mai faɗi, ya fita daban da siririn wuya, kuma ƙananan ɓawo ne suka rufe shi, babu manyan faifai irin na kan kumurci. Ta biyu ido: babba ne, ƙwayarsa a tsaye kamar ta kyanwa da rana. Ta uku jiki: kalar ƙasa ne ko ja-ja, da jerin tabo masu haske bisa gadon baya, fatar kuma kaushi gare ta. Ɓawon da ke gefen jikinta a karkace yake, da haƙora ƙanana kamar na zarto. In ta tsorata sai ta naɗe, ta riƙa goga gefe da gefe, daga nan ƙarar take fitowa, ba daga baki ba. Ta huɗu ciki: fari ne fat, babu ɗigo ko ɗaya, alhali ƴar'uwarta ta kudu cikinta na da ɗige-ɗige baƙaƙe. Wannan alama ta ƙarshe, ko shakka babu, a kan matacciya kaɗai ake duba ta, da sanda mai tsawo, domin kan maciji yana iya sara ko bayan an kashe shi.

Akwai masu kama da ita. Macijiyar rairayi mai ƙaho ita ma tana goga jikinta, amma kanta ya fi faɗi, launinta na yashi ne, kuma ta fi son tudun rairayi da dutse. Sai dai ba kowace ke da ƙahon ba, kuma ita ma dafinta mugu ne. Akwai kuma wani bawan Allah, macijin nan mai shan ƙwai na Sahel, wanda Trape da Mané suka raɗa wa suna Dasypeltis sahelensis a 2006. Ya ari rigar kububuwa, ya ari ƙararta, amma ba shi da dafi ko fiƙa; siriri ne, kansa ƙarami mai manyan faifai. Kamannin da ke tsare shi daga shaho su ne ke ja masa sandar mutum.

Me ya sa wannan rarrabewa ta shafi talaka? Domin dafin kububuwa jini yake ɓatawa. Wurin saran ya kumbura, sa'an nan jini ya daina daskarewa, ya riƙa fita ta dasashi, ta fitsari, ko ta tsohon rauni. Sau da yawa wanda aka sara yana jin sauƙi a ranar farko, a zaci maganin gida ya yi aiki, alhali ɓarna na ci a ciki. A gidan likita gwajin ba shi da wuya: a zuba jini kaɗan cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba, dafi ya shiga. Makarinsa allura ce, kuma dole ta zama wadda aka yi domin macizan Afirka, tun da wadda aka haɗa da dafin na Indiya ba ta tsinana abin kirki a nan. Ga amfanin sunayen nan masu wuyar faɗi ke nan. Tsaga wurin sara, tsotsa, ɗaure ƙafa tamau da igiya, ko manna baƙin dutse, duk ɓata lokaci ne. Abin yi shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nemi mota.

A 2017 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A ƙasa irin Abzin, inda tsakanin ƙauye da Agadas tafiyar awoyi ce bisa hanyar duwatsu, sakacin yana nufin rai. Ya kamata makari ya kasance a likitocin karkara, kusa da garake, ba a birni kaɗai ba. Kafin nan, takalmi rufaffe da cocila da dare sun fi layar tsari. Kububuwa ba ta bin mutum. Tana faɗar inda take, ya rage ga mai kunne ya ji.