Famfon Tsami Da Ke Cikinmu

A unguwarmu Tudun Murtala, da zarar mutum ya ji ƙirjinsa na zafi sai ya garzaya kemis ya sayi Omeprazole. Ni dai ban yarda da wannan ɗabi'a ba.

A bangon tumbinmu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin famfuna masu tunkuɗo haidurojin, su haɗa ruwan tsamin da ke narkar da nama, ya kuma kashe ƙwayoyin cuta. Aikin maganin nan toshe su ne kawai. Zafi kam zai lafa. Amma fa tun 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, toshe famfo kuwa ba ya kashe ta. Sai an je asibiti an yi gwaji.