Wa ke yi wa ɗiyata fifita?

Ƙarfe biyu da rabi na dare aka ɗauke wuta. Ban ko buɗe ido ba na sani, don fanka ta yi shiru, ɗiyata kuma ta juya ta ce, "Mama, zafi." Na laluba na ɗauko mafici, na tsoma tsohon zane cikin sauran ruwan bokiti, na matse na lulluɓa mata, na zauna ina yi mata fifita. Dama ta gaji in mayar hagu, hagu ta gaji in mayar dama, har ladan ya kira assalatu. Ƙarfe takwas kuma ina wurin aiki.

Shekarunta 5 da ƴan watanni. Tana goye muka rabu da babanta, tun lokacin daga ni sai ita a ɗakin haya nan Damagaram. Ban saba kawo maganar gidana a wannan shafi ba. Abin da ya sa na kawo ta yau, a zaman ƙungiya na makon jiya, da aka zo kan yankewar wuta da ruwa, wani ɗan uwa ya ce, "To ai zafi na kowa ne, babu wanda rana ta ƙyale." Aka yi dariya aka wuce. Ni dai ban yi ba. Rana ɗaya ce, gaskiya ne, amma ba kuɗi ɗaya muke biya ba, kuma ina so ku ji yadda lissafin yake a ɗakin macen da ke riƙon ɗiya ita kaɗai.

Ku ɗauki kwana kawai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 kusan kullum, wa ke kwana cikin ɗaki? Ku samari kuna fitar da tabarma ƙofar gida, wasunku ma a fada kuke kwana bayan an sha shayi na uku. Mai iyali ya shimfiɗa wa iyalinsa a tsakar gida, shi ya kwanta ta bakin zaure. Gidan da nake ɗaki 6 ne, tsakar gida ɗaya. Shekarar farko na gwada kwana waje. Kwana uku aka yi, matar maƙwabcina ta aiko a gaya mini wai bai dace bazawara ta riƙa shimfiɗa inda mazan mutane ke wucewa ba. Na koma ɗaki, na bar ƙofa buɗe. Wani dare na farka na ga mutum tsaye bakin labule. Da na yi gyaran murya sai ya ce wai ashana yake nema. Tun daga ranar nake sa sakata. Rufin kwano ne, ya sha rana tun safe, bangon ma in ka dafa shi tsakar dare sai ka janye hannu. Cikin wannan muke kwana ni da yarinya, alhali ga iska tana kaɗawa a bayan ƙofa.

Ruwa kuwa, ba a ba ɗan Damagaram labarinsa. Garin bisa dutse yake zaune, har ma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Har yau ruwan da muke sha daga wajen gari ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. A unguwarmu in bazara ta tsananta pampo ba ya kawowa sai cikin dare, in ma ya kawo. Gidan da ke da samari sai a tura su da biduna su bi layi. Ni wa zan tura? Ko in kulle ƴar shekara 5 ita kaɗai ƙarfe uku na dare in tafi, ko in tashe ta in ja ta, don ta girmi goyo, ko in jira ɗan ga-ruwa da safe. Shi nake jira. Bidon da nake saye dala 5 lokacin sanyi, bana na saye shi dala 30, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma layin ya kwana. Bido 4 muke ci a rana in za a yi girki da wanki da wanka, yarinya mai ƙurajen zafi kuwa ba a hana ta wanka. Ku buga da kanku: dala 120 kullum, jika 18 a wata. Hayar ɗakina jika 12 ce.

Da safe ina buga takardu a wani shago, da yamma ina ƙulla zoɓo da ƙanƙara, yaran unguwa suna sayar mini. Firigon da kuɗin adashe na saye shi. Bazara ita ce kasuwar mai ƙanƙara, kuma ita ce lokacin da wuta ta fi wasa da hankalin mutane. Yankinmu da na Maradi mun daɗe muna dogaro da wutar Najeriya da ke shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, mun kuma ga abin da hakan ke nufi a watan Agustan 2023, da aka katse ta bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli. Masu hali tun lokacin suka ɗora sola bisa rufi. Ni kuwa in wuta ta yini ba ta zo ba, zoɓo ya yi tsami, sukari da leda sun tafi a banza, mai shago ma ya ce mu koma gida, ranar babu ko dala. Asara biyu rana ɗaya, kuma babu wani mai nema a ɗakin da zai toshe ramin.

Jardan na tashi da rana tsaka, ni ban tashi ba. Akwai wata tsohuwa a gidanmu, Iya muke ce mata, ita ce ta ce mini, "Kawo ta nan, ɗiya ai ta kowa ce." Ba ta taɓa karɓar kuɗina ba, sai dai ƙanƙara in ta samu. Allah ya saka mata. Ranar da Iya ba ta da lafiya, da yarinyar nake tafiya shago, ta zauna ƙarƙashin tebur tana zane a bayan takardun da suka lalace.

Tun 2006 gwamnati ta ce yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta za a duba shi a likita. Abu ne mai kyau, ya ceci yara da yawa, ko da yake duk uwa ta san sau nawa ake dubawa a ce maganin ya ƙare, a rubuto mata takarda zuwa farmasi. Ɗiyata ta cika 5 a watan Janairu. A Afrilu ta kwana tana gudawa, jiki kamar garwashi. Tun da sanƙarau ya ɓarke a jiharmu ƙarshen 2022, duk zazzaɓin bazara sai in riƙa sunkuyar da kanta in ga ko wuyan ya sandare. Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari, gari na wayewa na tare kabu-kabu. Alhamdu lillahi ba shi ba ne, ruwan jikinta ne ya ƙare. Amma wannan karo tun daga kati har ƙarin ruwa, komai da kuɗi. Daga can na kira babanta. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, kin dai san yadda garin yake." Bai tambayi nawa ba ne.

Ba zan ce mugu ne ba. Yana da wata matar da yara, shi ma yana sayen bido, na sani. Da Sallah yakan aiko da kaya da jika 2. Abin da ke hana ni barci, ko da wuta ta kwana, wata magana ce da shi da danginsa suka sha maimaitawa: "In ta kai bakwai za mu karɓi ɗiyarmu." Gwamnati ta saki hannun yarinya tana 5, uba zai miƙo nasa tana 7, lokacin da ta iya shara da aike da riƙon ƙanne. Shekarun zawo da haƙori da ƙyanda da kwanan zaune, waɗannan ba a rigima a kansu, nawa ne.

Nijar ba ta da rubutacciyar dokar iyali. Aure, saki, riƙon yara, gado, duk bisa al'adar masu shari'ar ake yanke su. An yi yunƙurin kafa dokar cikin shekarun 1990, aka sake a 2011, ƙungiyoyin addini suka yi ca, aka janye. Ba wannan rigimar na zo tadawa yau ba. Littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure ya ishe ni, wato Risala ta Ibn Abi Zaid. A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon ɗiya mace bayan saki na uwa ne har ɗiyar ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani aure, kaka ta wajen uwa ce ke biye, ba uba ba. Ci da tufafin yarinya kuwa suna wuyan uba gwargwadon halinsa, a hannun wa take ko ba a hannunsa ba. Ba Turawa suka rubuta wannan ba, ba kuma wata ƙungiyar waje ta kawo mana shi ba. To daga ina bakwai ta fito? Ina kuma ciyarwa ta shige? In aka zo maganar mace ta yi haƙuri, kowa malami ne. In aka zo babin ciyarwa sai a nemi malaman a rasa.

Za ku ce ta kai ƙara mana. Hanya a buɗe take, wurin alƙali ko a jastis, ana kuma yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa. Amma ku tambayi zawarawan unguwarku me ya sa ba su zuwa. Amsa ɗaya ce: ranar da ka nemi kuɗin ciyarwa, ranar za a ce maka, "To ba ni ɗiyata." Uwa ta gwammace ta ci bashi da ta ji wannan. Sannan ga naka dangin suna cewa kar ki tona wa uban ɗiyarki asiri. Wadda ta daure ta je aka yanka mata, wata biyu ya bayar ya daina, babu mai bin sawu, sai ta sake rufe sana'arta ta je ta bi layi. Ni ma ban je ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Yawancin masu bin wannan shafi samari ne. Wasunku sun yi aure sun saki tun ba su kai 30 ba, wasunku ƙannen zawarawa ne, wasunku a hannun irina kuka tashi. In aka ɗauke wuta kun iya cika Facebook da rubutu, ni ma da ni ake yi, kuma za mu ci gaba. Amma akwai abokinku a fada, kun san yana da ɗiya a wata unguwa, kun san rabonsa da aika mata ko dala tun ƙaramar Sallah, ga sabuwar waya a hannunsa. Kuna tsokanarsa in ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi. Wa ya taɓa tambayarsa wa ke saya wa ɗiyarsa ruwa?

Abin da nake so mu ɗauka a matsayin ƙungiya ba shi da tsada. Ranar da ake rubuta takardar saki, a rubuta ciyarwa a jikinta: nawa, ran nawa ga wata, ta wace hanya. Ga NITA, ga Amana, ga Al-Izza a kowane lungu, rasit ya isa shaida, nisa ya daina zama uzuri. A kuma rubuta cewa neman ciyarwa ba ya zama dalilin ƙwace yaro. Mu je wa limaman unguwanninmu da wannan babi na Risala, mu roƙe su su yi huɗuba a kansa cikin bazara, ba sai watan azumi ba. In za mu rubuta wa magajin gari kan ruwan unguwa, a sa matan da ke sayen bido cikin tawagar, a kuma daina sa zama ƙarfe takwas na dare sannan a ce mata ba su zuwa. Masu gidajen haya da ke cewa ba su ba bazawara ɗaki, wasunsu iyayenku ne. Ku yi musu magana a gida.

Mu mata ma ba zan wanke mu ba. Muna cewa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma wadda ta kore ni daga tsakar gida mace ce. Sai dai waɗanda suka fidda ni ranar likita su ma mata ne. Asusunmu irin na Mata Masu Dubara ne, tsarin da ya faro daga Maradi a 1991: kowane mako mu zuba ɗan abin da ya samu, mai buƙata ta ranta. Kafin azahar suka aiko mini jika 10, babu wadda ta tambaye ni ina uban yarinya. Har yanzu ina biya.

Shekaranjiya da magariba hadari ya haɗo ta gabas, aka yi iska da ƙura, ko ɗigo bai sauka ba. Ƙarfe goma wuta ta tafi. Na miƙa hannu zan ɗauki mafici sai ɗiyata ta riga ni. Ta ce, "Mama, ki kwanta, yau ni zan yi miki." Ta kama shi da hannu biyu tana kaɗawa, rabin iskar bango take samu. Ba a yi minti biyar ba barci ya kwashe ta a zaune. Na kwantar da ita, na zare maficin daga hannunta, na ci gaba.