Kumfar Ruwan Gishirin Fachi da Lissafin Man Agadem

A ɗebo ruwa daga ramin gishiri na Fachi, a zuba a kwalba, a girgiza. Ruwan zai yi fari da ƙananan kumfa masu hawa sama a hankali. A yi haka da ruwan sha, nan da nan ƙwayoyin kumfar za su haɗe, su girma, su fashe. Gishiri ne ke hana su haɗuwa. A 1993 wasu masana a Ostareliya, Craig da Ninham da Pashley, suka nuna cewa wasu gishirai na yin haka, wasu ba sa yi, kuma gishirin miya na cikin masu yi.

Fachi gari ne na dabino da kantu a tsakiyar Tenere, zangon ayarin raƙuma tsakanin Agadas da Bilma. Kudu maso gabas da shi kuma akwai Agadem, inda Nijar ke haƙo ɗanyen mai. Tun 2011 man ke bin bututu zuwa matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, a 2024 kuma aka fara tura shi ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin.

Ɗanyen mai ba ya fitowa shi kaɗai. Yana tahowa da iskar gas da ruwa, sai an tsayar da shi 'yan mintoci a tanki kafin gas ya taso ya rabu. A nan girman kumfa yake zama maganar kuɗi. Babbar kumfa tana hawa da sauri ta fice; ƙarama tana jan ƙafa, idan lokacin bai ishe ta ba sai ta bi mai zuwa famfo, ta rage masa ƙarfi, ta ci shi a hankali. Shi ya sa injiniyoyi ke kwaikwayon abin a kwamfuta tun kafin a ƙera tanki. Manhajar tana kasa kumfa aji-aji bisa girma, tana ƙirga nawa suka tsage saboda hargitsin ruwa, nawa suka haɗe, a kowane lungu na tankin.

Sai dai kwamfuta ba ta san gaibu ba. Alƙaluman haɗuwar kumfa da ake ɗura mata, yawancinsu daga gwajin iska da tsabtataccen ruwa aka samo su. Ruwan rijiyar mai kuwa galibi da gishirinsa yake fitowa, kuma kowace rijiya da nata. Wanda ya karɓi hoton da manhaja ta zana bai auna ruwan ƙasarsa ba, ya sayi kura a buhu.

Ilimin ya wuce harkar mai. A 1986 gas ya ɓalle daga tafkin Nyos na Kamaru ya kashe mutum fiye da 1,700; bututun da aka kafa a 2001 don rage gas ɗin, kumfa ce ke ɗaga ruwan cikinsa ba tare da inji ba. Masu haƙa burtsatse ma da iskar kwamfuresa suke wanke rijiya.

Don haka bai kamata Nijar ta bar wannan lissafi a hannun kamfanonin waje kaɗai ba. Jami'ar Agadas, da aka kafa a 2014, da makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai za su iya farawa ba da kuɗi mai yawa ba, tunda manhajar OpenFOAM kyauta ce. Abin da ya rage shi ne bututun gilashi, ƙaramar kwamfuresa, kyamara mai saurin ɗauka, da malami mai haƙurin sa ɗalibai su ƙirga kumfa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan gwajin farko kuma, 'yan jarkoki daga ramukan Fachi sun isa, a ɗoro su a motar da ke komawa Agadas.