Mutum-mutumin Gonar Doya Ya Fi Na Gwamna Aiki

Abin da manomi yake haɗawa da kara da tsumma ya kafa a gona don korar tsuntsaye da birai, Bahaushe ya ce da shi mutum-mutumi. Abin da Gwamna yake sa a ƙera da tagulla, a kafa a tsakiyar gari, a gayyato makaɗa da 'yan jarida a yaye masa ƙyalle, shi ma dai sunansa mutum-mutumi. Wanda ya raɗa sunan bai yi kuskure ba, illa dai ya ɗan ci da haƙƙin na gona, domin shi yana da aikin yi.

Babu inda ya kamata a yi wannan magana kamar ƙasar Kagoma da maƙwabtanta. Fadan Kagoma, mazaunin Kpop Gwong, tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ne, tsakanin Kafanchan da Kwoi. Wannan yanki shi ne ya ba duniya mutum-mutumin gona mafi daraja da aka taɓa ji.

Ga yadda aka yi. A wajen 1943, ana haƙar kuza a ƙasar Jama'a, sai aka tono wani kan mutum na gasasshen yumɓu. Wani akawun ma'aikatar ya ɗauka ya kai gida. Ba ya da gidan tarihi, ba ya da kwamiti, amma yana da gonar doya. Sai ya kafa kan a gonar ya zama mai gadi. Kan nan ya yi kamar shekara guda yana aiki, rana da ruwa, ba albashi ba alawus, har Baturen ma'aikatar ya gan shi ya kai shi Jos wurin wani ɗan'uwansa Bature mai suna Bernard Fagg. Fagg ya duba, ya ga ya yi kama da wani abu da aka tono tun 1928 a ƙauyen Nok, can wajen Kwoi. Daga nan aka samu sunan da 'yan makaranta suke haddacewa yau, wato al'adar Nok. Masana sun auna sun ce irin waɗannan kayan sun haura shekara 2,000.

Jama'ar Arewa mazauna Ikko ba sai sun yi kuɗin mota zuwa gida ba kafin su gaisa da tsohon mai gadin. Kan Jama'a yana cikin kayan Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan. Shi ma ɗan ci-rani ne, kuma ya riga yawancin mutanen Agege da Idi Araba sauka Kurmi.

To, 'yan'uwansa da aka tono daga baya ba su tsaya Ikko ba. Da Turawa masu kuɗi suka ɗanɗana, sai aka shiga haƙa da dare ana fitar da su ta bayan gida, duk da dokar ƙasa ta hana. A 1998 Gwamnatin Faransa ta sayi wasu daga hannun wani dillali a ƙasar Beljiyam, a 2000 kuma aka baje su a babban gidan tarihi na Louvre, zamanin Shugaba Chirac. Da surutu ya yi yawa sai aka yi sulhu a 2002: Faransa ta yarda kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta yarda ta ba ta aronsu na shekara 25, aron da ake iya sabuntawa. Wato an kama akuya a gidan maƙwabci, ya ce lalle taka ce, mai akuya kuma ya ce to riƙe ta har 'ya'yanka su girma. Wannan shi ake kira diflomasiyya.

Mutanen Nok ba su bar sunan kowa a jikin aikinsu ba. Shugabannin zamani kuwa sunan ne aikin. A watan Oktoba na 2017 Gwamna Rochas Okorocha ya kafa wa Shugaba Jacob Zuma na Afirka ta Kudu ƙaton mutum-mutumi a Owerri. Wata huɗu bayan haka mutanen Zuma suka matsa masa ya sauka daga mulki, aka bar mutanen Imo da tagulla. A Senegal, Shugaba Abdoulaye Wade ya ɗauko maƙera daga Koriya ta Arewa suka gina masa wani dogon abu a Dakar, aka buɗe a 2010, sa'an nan ya ce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin 'yan kallo nasa ne, wai don shi ya yi tunanin. A Ghana, Shugaba Akufo-Addo bai jira kowa ba, ya je Sekondi a watan Nuwamba na 2024 ya buɗe mutum-mutumin kansa da kansa. Kafin ƙarshen Janairu an wayi gari an farfasa shi.

Ɗan siyasar Arewa ya fi haka wayo. Ya san in ya kafa surar mutum, malamai za su yi masa huɗuba ran Juma'a. Saboda haka sai ya koma ga shataletale da ƙofar shiga gari. Amma su ma ba su tsira ba. Shataletalen da Gwamnatin Ganduje ta gina a bakin Gidan Gwamnati a 2017, don cikar Jihar Kano shekara 50, bai yi wata guda a hannun sabuwar gwamnati ba aka kawo masa katafila a watan Yuni na 2023. An biya kuɗin gini daga baitulmali, an biya kuɗin rushewa daga baitulmali. Ɗan kwangila ne kaɗai bai yi asara ba.

A Kudancin Kaduna kuwa, kamar sauran karkarar ƙasar nan, ƙawar da aka fi yi wa gefen hanya iri biyu ce: dutsen aza harsashi da allon kwangila. Allon yana ɗauke da sunan aiki, da sunan ma'aikata, da sunan kamfani, da hoton mai girma yana murmushi. Damina biyu sai fenti ya koɗe, ta uku awaki su samu inuwa. Ba a nan kaɗai ake yi ba, amma a nan abin ya fi ciwo, don mutanen sun san yadda aiki na gaske yake. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun da hanyar dogo ta iso a 1927. Nan ne mahaɗar Fatakwal da Kaduna da Jos, kuma iyaye da kakannin masu karatu da yawa ta nan suka bi suka gangara Inugu da Aba. Da harkar jirgi ta durƙushe, tashar ta zama wurin tuna da. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran hanyar daga Fatakwal zuwa Maiduguri, aka yi jawabai masu daɗi. Guntun Fatakwal zuwa Aba ya samu jirgi a 2024. Daga Aba zuwa Kafanchan kuwa akwai sauran tafiya.

Fadan Kagoma ta taɓa fitar da Gwamna, marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya hau a watan Mayu na 2010, ya ci zaɓe a 2011, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ran 15 ga Disamba, 2012. A garin aka binne shi. An sa wa titi sunansa a Kaduna, an sa wa asibiti a Kafanchan. Ba laifi, ya cancanta. Sai dai duk mai son girmama shi da gaske, ya fara tambayar abin da mutanen garinsa suke ci da shi.

Amsar ita ce citta. Jama'a da Jaba da Kachia da Kagarko su ne rumbun cittar Nijeriya, har ƙasashen waje ake kai ta. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake aure, da ita ake rufin kwano. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gwamnatin Tarayya da bakinta ta ce asarar ta haura Naira miliyan dubu 12, ta kuma yi shelar tallafin Naira miliyan dubu 1 da miliyan 600. Ba sai an kira akanta ya faɗi ratar ba. Wannan kuwa ya zo ne a shekarar da aka yi fama da canjin takardun kuɗi, aka kuma janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu. Mai shayin Obalende da mai kunun Sabo a Badun sun ji a jikinsu, don citta ta koma sai a yi mata awon gwal.

Matsalar citta kuwa ba irin ta masara ba ce. Saiwar da ake sayarwa ita ce irin da ake shukawa. In ta ruɓe, an rasa amfanin bana, an rasa irin baɗi, wanda ya sayo iri mai cuta kuma ya sayo wa gonarsa masifa da kuɗinsa. Abin da manomi yake bukata shi ne iri mai lafiya, da magani, da malamin gona wanda zai zo kafin shuka ba bayan girbi ba. Aibin waɗannan abubuwa guda ne: ba su da inda za a manna hoton mai girma, ba kuma a yaye musu ƙyalle.

Shekarar 2027 tana tafe da abu biyu. Ita ce shekarar zaɓe, lokacin da sababbin alluna za su tsiro a hanyar Kafanchan zuwa Kwoi kamar ciyawar farkon damina. Ita ce kuma shekarar da aron da aka ba Faransa yake cika 25. In har an tuna an karɓo kayan, kada a wahalar da kwamiti wajen neman inda za a ajiye su. Akwai gonakin citta a Kagoma da ke bukatar mai gadi, kuma danginsu sun taɓa yin aikin.