Gurbi takwas kacal: darasin wani wasan dabara ga masu tsara horon matasan Nguru da Gashuwa

A duk shekara idan aka shiga hada-hadar kasafin kuɗi, akwai wani jeri da ke yawo daga tebur zuwa tebur a ofisoshin Abuja, wato jerin sana'o'in da za a koya wa matasa da sunan tallafi. Galibi ba ya wuce ɗinki, yin sabulu, kwalliya da gyaran waya, sai kuma kayan rabo irin su keken ɗinki da injin markaɗe. Jerin da za a aika Aba shi ne za a aika Ijebu-Ode, shi ne kuma zai isa Nguru da Gashuwa a arewacin Yobe, sunan ƙaramar hukuma kawai ake sauyawa. Abin mamaki, wani tsohon wasan kwamfuta, irin wanda manya kan ɗauka shiririta ce ta samarin rumfar cajin waya, ya fi rahotanni da yawa fito da aibin wannan ɗabi'a.

Sunan wasan Heroes of Might and Magic III, wanda kamfanin New World Computing na Amurka ya fitar a 1999, kuma har yau yana da masu buga shi a sassan duniya. Mai wasa yana riƙe da gari da runduna, sannan yana da jarumin da ke jagorantar rundunar a kan taswira. Akwai fasahohi 28 da jarumi zai iya koya, amma gurbi takwas kacal aka ba shi, kuma akasari yana fara wasan da biyu a cike. Duk lokacin da ya ƙara girma, sai a ajiye masa zaɓi biyu: ko ya zurfafa a fasahar da yake da ita, ko ya ɗauki sabuwa. Kowace fasaha tana da mataki uku, kuma wadda aka ɗauka ta zauna ke nan, ba a mayar da ita.

Daga cikin ɓangarorin wasan akwai wanda ake kira Rampart, gidan wasu halittu na tatsuniyoyin Turawa da ake ce wa elf, mazauna kurmi masu dogayen kunnuwa, waɗanda suka shahara da baka da kibiya. Manyan maharbansu suna sakin kibiya sau biyu a hari guda. Saboda haka mai wasan da ya san abin da yake yi yakan nema wa jaruminsu fasahar harbi, wadda ke ƙara ƙarfin kibiya da kashi 10, sannan 25, har zuwa kashi 50 cikin ɗari a mataki na ƙarshe. Amma a cikin rundunar akwai wadanni da wasu bishiyoyi masu tafiya, dukkansu masu nauyin jiki, kuma ƙa'idar wasan ita ce runduna tana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa jan ƙafa. Wannan ya sa fasahar saurin tafiya, mai ƙara nisan zango har kashi 30 cikin ɗari, take da daraja a wurinsu. Fasaha ɗaya ta ƙarfafa abin da suka iya, ɗayar ta toshe inda suke da rauni.

Bayan runduna sai taswira. Fasahar tuƙin jirgin ruwa asara ce tsantsa a taswirar da babu kogi, amma a taswirar tsibirai ita ce ke raba mai nasara da wanda aka bari a gaɓa. Tafiya a kan yashi tana cin zango ɗaya da rabi, a cikin fadama kuma ta kusa ninki biyu, sai ga jarumin da ya koyi sanin hanya. Gogaggun 'yan wasa ba sa cewa wannan fasaha ta fi waccan sai sun tambayi wace runduna ce, kuma a wace ƙasa za a yi yaƙin.

Akwai kuma wani tarko. A wasu wurare a kan taswira ana cin karo da bukkar wata mayya da ke koyar da fasaha kyauta. A asalin tsarin wasan, da jarumi ya taka ƙofarta ta ɗora masa abin da take da shi, ko yana so ko ba ya so. Sau da yawa abin da take bayarwa shi ne irin fasahar nan da ake kira idon mikiya, wadda kusan duk masu wasan suka yi ittifaƙin ba ta da wani amfani. Ba a biya ko sisi ba, amma an rasa gurbi guda cikin takwas har ƙarshen wasa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Dattawan da ke zama a gindin bishiya suna buga dara sun san shi tun kafin a ƙera kwamfuta. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowane ɓangare na da 'ya'ya 12, kuma idan an gama dasawa gurbi shida ne kawai ke saura a buɗe. Wanda ya dasa da ka tun farko, duk gwanintarsa a gaba ba za ta cece shi ba. Abin da dara da wasan kwamfutar suka haɗu a kai shi ne cewa duk zaɓi yana da farashi, kuma farashin shi ne abin da aka bari.

To mece ce taswirar arewacin Yobe? Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka hamada ce zalla, kuma gaskiya ne tuddan yashi suna matsowa ta wajen Yusufari da Machina. Amma tsakanin Nguru da Gashuwa akwai ɗaya daga cikin manyan dausayoyin yankin Sahel, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin su zama kogin Yobe da ke ratsa Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sanya a jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. A Dagona, tsuntsaye daga Turai suke sauka su yi hunturu. Masarautar Bade tana da bikin kamun kifi da aka san ta da shi, shinkafar Gashuwa kuma sunanta ya kai kasuwanni masu nisa. A tudu ana noman gero da riɗi, ana tsintar ƙaro, ana kiwon shanu da raƙuma. A harshen wasan, wannan taswira ce mai yashi da fadama da ruwa a wuri guda, irin wadda ba ta yafe wa mai zaɓen ganganci.

Taswirar kuma ta sauya a idon mutanen da ke raye yau. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa da janyewa ya daina bin tsohuwar al'adarsa. Inda ruwa ya daina ƙafewa da rani, ciyawar kacala ta samu gindin zama: ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wasu ƙauyuka na fama da ambaliya, wasu a ƙasa da su na jiran ruwan da bai iso ba.

Idan aka ɗauki wannan taswira da gaske, jerin sana'o'in zai sauya kamanni. Yankin na buƙatar masu gyaran injin ban-ruwa da masu haɗa famfo mai aiki da hasken rana, masu ƙera kwale-kwale da gyaran injinsa, masu bandar kifi ta hanyar da ba ta cin itace da yawa, masu sarrafa shinkafa da tace riɗi da tantance ƙaro yadda zai yi daraja a kasuwar waje, da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Ita kanta kacalar tana iya zama sana'a: a kwarin kogin Senegal ana mayar da ita gawayi, kuma masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, tare da abokan aiki daga waje, sun yi nazarin mayar da ita abincin dabbobi da iskar girki. Haka nan ciwon ƙoda da ya daɗe yana addabar Gashuwa da kewaye yana kiran a horar da masu gwajin ingancin ruwan sha da masu kula da injinan wankin ƙoda. Waɗannan su ne fasahar harbi ta wannan runduna, domin suna ɗorawa ne a kan abin da mutane suka riga suka iya, ko suna amsa buƙatar da ke ƙofar gida.

Ƙa'idar nan ta mafi jan ƙafa ita ma tana aiki a nan. Nguru ta bunƙasa ne bayan da layin dogo daga Kano ya iso ta a 1930, ta zama matattarar gyaɗa da fatu da shanu da busasshen nama. Ba wata sabuwar sana'a aka koya wa mutanenta a lokacin ba, hanya aka buɗe wa abin da suke samarwa. Yau idan aka horar da matasa ɗari kan kiwon kifi alhali babu ƙanƙara, babu wurin ajiya, kuɗin mota zuwa Kano kuma ya cinye ribar, to rundunar za ta tafi ne da saurin abin da ya fi rauni a cikinta. Horon da ba a haɗa shi da tunanin sufuri da ajiya da kasuwa ba, rabin aiki ne.

Ita kuwa bukkar mayya, kowa ya san kamanninta a zahiri: horon mako biyu a zauren taro, takardar shaida, hoto da babban baƙo, sai kayan aikin da wasu ke kaiwa kasuwa kafin sati ya zagayo. Ana cewa ai kyauta ne, babu wanda ya yi asara. Akwai asara. Matashi yana da ƙididdigaggun shekarun koyo kafin nauyin iyali ya hau kansa, kuma yana da iyakar yawan lokutan da zai sa rai a yaudare shi kafin ya daina yarda da duk wani shiri na gwamnati. Ga kuma gurbin kasafin kuɗi: layin da aka cike da rabon injin markaɗe a bana, layi ne da ba zai ɗauki horon masu gyaran famfo ba. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin diddigin ayyukan mazaɓu, kuma shirye-shiryen tallafi da horo na cikin waɗanda suka fi wuyar tantancewa, domin ba gini ba ne da za a je a gani a tsaye.

Za a iya cewa mutane ba 'ya'yan dara ba ne, kuma ɗan masunci a Nguru yana da 'yancin ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta idan ya so. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba ta rushe hujjar ba. A cikin wasan ma akwai fasahohin da ke amfanar kowane jarumi ko daga wane gari ya fito. A rayuwa su ne karatu da rubutu da lissafi da iya amfani da waya da intanet, kuma shiri irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana da wurinsa a Yobe kamar yadda yake da shi a Legas. Abin da ake ja a kai shi ne sauran guraben. Mafi yawan matasan yankin a nan za su rayu, a nan za su ciyar da iyali, kuma ba adalci ba ne a cike musu gurabe da sana'ar da kasuwarta ta riga ta cika. Unguwar da ke da teloli goma ba ta ƙaruwa da na sha ɗaya, sai dai dara ta ci gida.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Akwai ITF tun 1971, akwai NDE tun 1986, a Gashuwa akwai jami'ar tarayya tun 2013, a Nguru akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, a Garin Alkali kuma akwai shirin NEAZDP da ya shafe shekaru fiye da 30 yana aiki da ƙauyukan yankin. Abin da ake nema ga daraktan da ke sa hannu, da hadimin da ke rubuta wa mai gidansa jerin ayyukan mazaɓa, abu uku ne. Na farko, kada a rubuta sunan sana'a sai an zauna da sarkin ruwa, da shugabannin manoman fadama, da 'yan kasuwar hatsi da ta dabbobi, da ƙungiyoyin mata masu sarrafa shinkafa da kifi, domin su ne suka san abin da ake nema a rasa. Na biyu, a fifita zurfi a kan yawa: gara a kai mutum 40 matakin ƙwarewa a shekara guda da a ba mutum 400 takardar halarta. Na uku, a koma bayan shekara a ƙirga nawa ne ke cin abinci da abin da aka koya musu, kuma wannan adadi ya zama ma'aunin kasafin shekara mai zuwa.

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yaron da ke riƙe da waya a rumfar caji ya san ba a ba maharbin kurmi fasahar da ba ta dace da bakansa ba, kuma ba a zaɓen komai sai an buɗe taswira. Shi idan ya yi kuskure yana iya sake wasan daga farko. Matashin da ke bakin tafkin Nguru ko a fadamar Gashuwa ba shi da wannan dama, saboda haka nauyin duba taswirar yana kan wanda ke riƙe da alƙalami a Abuja.