Zaman Gidan Haya

Wani mutumin Fammar ta ƙasar Kibiya, mai cin rani a birnin Kano, ya aiko mini da kuka. Su shida ne a gidan haya, makewayi ɗaya, mita ɗaya. Maƙwabcinsa ba ya biyan rabonsa na kuɗin wuta, matar maƙwabcin kuwa kullum sai ta watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙofar ɗaki, tana habaici.

To, Malam, kada ka ɗaga hannu, gama wanda ya fara duka shi alƙali kan kama. Tafi wurin mai gidan da shaidu biyu. In bai tsawata ba, sai mai unguwa, sa'an nan Hukumar Hisba, wadda aka kafa a 2003. Rabon kuɗin wutar kuwa, a rubuta shi a takarda, kowa ya sa hannu.